Babi na Biyar: Kwali Nawa Gidanku Zai Ci?

Ka tambayi magidancin da zai tashi daga gidan haya yawan kayansa, nan take zai lissafo maka: gado uku da katifunsu, setin kujeru, firji, talabijin, janareto, sif biyu. Zai rufe da cewa a-kori-kura sawu biyu ta wadatar. Ba ƙarya ya yi ba. Abin da idonsa ke gani ya faɗa, kuma galibi abin da ya ciro kuɗi masu kauri ya saya ne. Sai dai ba waɗannan ke kai mutane dare ranar tashi ba. Gado, ƙarti biyu ne su kwance shi su fitar kafin shayi ya huce. Abin da ke tsayar da mota a ƙofar gida har direba ya fara ƙunƙuni shi ne abin da ke cikin kabet, da ƙarƙashin gado, da saman sif, da bayan ƙofar kicin, da kuma sito, wato ƙananan kayan da kowanne sai an samo masa mazubi kafin ya fita.

Saboda haka lissafin tashi daga mazubi yake farawa, mota daga baya take zuwa. Wanda ya san kwali nawa da jaka nawa da buhu nawa gidansa zai ci, ya san girman motar da zai kira, ya san 'yan dako nawa zai ɗauka, ya kuma san ranar da ya kamata a fara haɗa kaya. Wanda bai sani ba shi ne za ka ga yana tura yaro shagon unguwa da azahar, mota tana jira, wai a roƙo kwalin taliya ko guda biyu ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tashi kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mazaunin gidan haya a Kano ko Kaduna ko Zariya kuɗin shekara yake biya, kuma kowace shekara ana iya ƙara masa abin da ya fi ƙarfinsa, ko mai gida ya aiko cewa ɗansa zai yi aure yana son wurin. Soja da ɗan sanda da ma'aikacin banki, takarda ɗaya ce ke tayar da su. Akwai ma shekarun da ma'aikata suka tashi tururu: a 1987 da aka cire Katsina daga jihar Kaduna, da 1991 da aka cire Jigawa daga Kano aka nufi Dutse, sannan a watan Disambar wannan shekara fadar gwamnatin tarayya ta baro Legas ta koma Abuja. Duk da wannan sabo da muka yi da hanya, yawancinmu har gobe da ido muke ƙiyasta kaya, kuma ƙiyasin ido kullum gazawa yake yi.

Yawan ɗaki ba ya faɗin yawan kaya

Kamfanonin kwasar kaya na Turai da Amurka da yawan ɗakunan kwana suke fara ƙiyasi, su ce gida mai ɗaki kaza zai ci kwali kaza. Wannan awo na gidan da mutum uku ko huɗu ke zaune ne, kowa da ɗakinsa. A wurinmu ciki da falo na iya ɗauke da mutum takwas, kuma gida mai ɗaki huɗu na iya zama na ango da amarya su kaɗai. Wanda ya ɗauko wancan lissafi daga intanet ya kawo shi Gwammaja ko Tudun Wada zai sha mamaki.

Abin da ya fi ɗaki faɗin gaskiya shi ne shekarun da aka yi a gidan. Kowace haihuwa tana kawo kayan barka. Kowane biki da uwargida ta je tana dawowa da roba ko bokiti ko faranti mai hoton amarya. Rigunan babban yaro ana ajiye wa ƙaninsa, litattafan aji huɗu ana ajiye wa wadda ke aji biyu, fankar da ta ƙone tana jiran ranar da za a kai ta gyara. Gidan da ya shekara goma wuri ɗaya ya ninka kayan da ya shigo da su, ko ma fiye, ba tare da wani ya lura ba, domin kayan sun shigo ne ɗaya bayan ɗaya ta hannun mutane daban-daban.

Sai kuma batun mai kayan. A gidan Bahaushe mafi yawan abin da zai shiga kwali na mace ne: kayan jeren da iyayenta suka yi mata, da kayan kicin, da kayan lefe, da abin da ta tara da adashinta. Ita ta san akwai setin tangaran biyu da ba a taɓa buɗewa ba a can ƙuryar kabet. Ita ta san kulolin da ake fitowa da su sai an yi baƙin kunya. Maigidan da ya zauna a zaure shi da direba suka yanke yawan kaya ba tare da an tambaye ta ba ya ɓata lissafinsa tun daga tushe. Ni dai a ganina, a wannan aiki uwargida ce shugaba, maigida mai riƙe biro ne da biyan kuɗi.

Idan gidan mace biyu ne ko uku, to gida biyu ne ko uku za a tayar, ko da ƙofar shiga ɗaya ce. Kowacce da tukwanenta da kulolinta da kabet ɗinta. A yi wa kowacce lissafinta daban, a ba ta kwalayenta daban, a kuma ware mata launin makar rubutu daban, wata ja wata shuɗi. Kada a ce don tsimi a cika ragowar kwalin uwargida da kofunan amarya. Kwali ɗaya da aka rage ba zai biya maganar da za ta biyo baya ba idan murfin kula ya ɓata.

A ƙara da sana'ar cikin gida, domin ita ma tana da nata kaso. Mai ɗinki tana da keke da ƙyallaye da zare. Mai ƙulla zoɓo da kunun aya tana da kuloli da ledoji da robobi. Malami yana da litattafai, kuma za mu zo kansu, don su ne suka fi yaudarar mai ƙiyasi.

Ba komai ke son kwali ba

Kafin a nemi kwali ko ɗaya, a fara ƙirga mazubin da ke cikin gidan. Akwatunan lefe suna nan a saman sif, rabinsu wayam. Ga akwatin ƙarfen yaron da ya gama makarantar kwana. Ga daro da baho da bokiti da kwandon wanki, ga manyan tukwanen suna waɗanda kowacce za ta haɗiye ƙanana uku ko huɗu. Babbar kula ta ɗauki ƙarama, ƙaramar ta ɗauki cokula. Kwalla da samira dama masu shiga cikin juna ne, sai dai a sa tsumma tsakani don kada fentinsu ya ɓantare. Durowar madubi a zaro ta da abin da ke ciki, a ɗaure ta da tsohon zani, ta tafi a haka. Wannan kaɗai yana rage kwali goma ko fiye.

Tufafi da zannuwan gado da labule da barguna da filo, wurinsu jaka. Babu wadda ta kai jakar Gana-mas-go a wannan aiki, kuma a tashin dole ta yi suna. A watan Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardun zama wa'adin mako biyu su bar Najeriya, 'yan Ghana kimanin miliyan ɗaya suka kama hanya, da yawansu da irin wannan jaka a ka. Ba ta da nauyi, tana naɗuwa, tana ɗaukar kaya, kuma yayyafi bai cika ratsa ta ba. Rauninta zif ne da hannu. Idan aka danna mata turamen atamfa da shadda har ta kumbura, a tsakiyar bene hannun zai tsinke. Atamfa tana da nauyin da ba a zato, don haka a raba ta: rabi atamfa a ƙasa, rabi mayafai a sama, sannan a zagaye jakar da igiya.

Buhu kuma na takalman yara ne, da tukwanen da suka sha hayaƙi, da gawayi, da tsintsiya da maburgi da muciya. Hatsi yana tafiya a buhunsa. Dabara a nan ita ce kada a yi sayayyar abincin wata ana saura mako biyu a tashi. Buhun shinkafa kilo 50 ne, na masara ko gero ya kai ninkinsa, kuma duk wanda aka saya kafin tashi sau biyu za a biya masa dako.

Abin da ya rage shi ne haƙƙin kwali: abin da ke fashewa kamar tangaran da gilashi, abin da ke murƙushewa kamar huluna da na'urori, da abin da ke tarwatsewa kamar litattafai da kayan shafa da tarkacen durowa.

Kwali kuma ba duka ɗaya ba ne. Idan ka yagi gefensa za ka ga takarda mai tudu da kwari an manne ta tsakanin shafi biyu. A nan ƙarfinsa yake, musamman a kusurwoyi huɗu, kuma sai yana tsaye yadda aka ƙera shi. Mai irin wannan takarda ninki biyu ya fi mai ɗaya ƙarfi nesa ba kusa ba. Hanya mafi sauƙi ta gane ƙarfin tsohon kwali ita ce a duba abin da aka ƙera shi ya ɗauka tun farko. Kwalin ƙaramar Indomie guda 40 yake ɗauka masu giram 70, duka bai kai kilo uku ba, don haka wanda ya cika shi da faranti ya zalunce shi. Kwalin taliya leda 20 ce mai rabin kilo, wato kilo 10. Kwalin farar takardar ofis rim biyar ne, kowane rim kusan kilo biyu da rabi, ga shi da murfi, babu wanda ya kai shi dacewa da litattafai. Na tumatirin gwangwani da na madarar gwangwani su ma ƙarfafa ne. Manyan kwalayen biskit da na kunzugun yara kuwa sai abu marar nauyi.

A Kano ana samun su wurin 'yan sari a kasuwar Singa da Sabon Gari, da manyan kemis, da shagunan hoto-kwafi na bakin jami'a da kotu da sakatariya. Haka abin yake a kowane gari mai kasuwar sari. Amma a yi magana da wuri, mako uku kafin lokaci, domin yanzu kwali kuɗi ne, masu saye don a sake sarrafawa suna bi suna kwashewa. A guji wanda ya ɗauki kifi, ko maganin feshi, ko takin zamani, ko man inji. A guji wanda ya taɓa jiƙa ko da ya bushe, don ƙarfinsa ya riga ya tafi. Wanda ya fito daga siton kayan abinci kuma a buɗe shi a kakkaɓe a shanya a rana, saboda kyankyaso yana son yin ƙwai a cikin ramukan takardar kwali, kuma ba a so a tare da shi a sabon gida. In da hali a nemi masu girma ɗaya da yawa, sun fi jeruwa a mota.

Yadda ake ƙirgawa

A samo littafin rubutu na 'yan makaranta, a ware shafi ɗaya ga kowane ɗaki. Maigida da uwargida su bi gidan tare, kuma sharaɗin shi ne duk abin da ke da ƙofa ko murfi a buɗe shi. Ba cokali da kofi za a ƙirga ba, wannan ba ya ƙarewa. Gurbi za a ƙirga: hawa nawa ne a kabet, durowa nawa, kwando nawa. Daga nan a yi gwaji ɗaya. A ɗauki hawa guda na kabet ɗin tangaran, a naɗe kayansa da jarida ko tsofaffin zannuwa kamar yau ne tashin, a zuba a kwali a ga nawa ya ci. Yawanci a nan ido ke buɗewa, domin faranti idan ya sha naɗi yana cin kusan ninkin wurin da yake ci a jere. Idan hawa ɗaya ya ci kwali ɗaya da rabi, kabet mai hawa huɗu ya ci shida ke nan. Gwajin sa'a ɗaya ya fi musun kwana uku.

Litattafai da tef ake auna su. Kwalin takardar ofis yana ɗaukar kimanin rabin mita na ƙananan litattafai. Manyan mujalladan tafsiri da hadisi da fiƙihu kuwa, mita ɗaya na kanta sai ta ci kwali uku. Malamin da ke da kanta mai hawa biyar, kowane hawa mita guda, ya nemi kwali goma sha biyu zuwa goma sha biyar, kada ya rage. Kuma kada ya yarda a ce a zuba su a kwalin firji don a huta. Zai cika, amma babu mai ɗaga shi, in kuwa an ɗaga gindinsa zai zube.

Ƙa'idar nauyi ɗaya ce a ko'ina: abu mai nauyi ƙaramin kwali, abu marar nauyi babban kwali, kuma kada wani ya wuce nauyin jarkar ruwa mai lita 20, wato kilo 20. Ɗan dako zai iya ɗaukar ninkin haka, ba shi ake ji ba. Kwalin ake ji, da uwargidan da za ta ja shi daga falo zuwa kicin bayan 'yan dako sun karɓi kuɗinsu sun tafi. Sannan kowane kwali a cika shi har baki, in akwai gibi a toshe da tsumma ko filo. Kwalin da ke da rami a sama shi ne ke lotsawa idan an ɗora masa wani. Faranti a jera shi a tsaye bisa gefensa, ba a kwance ba, ya fi jure girgizar hanya.

Bari mu ɗauki misali. A ce malamin makaranta ne da matarsa ɗaya da yara biyar, a gida mai ɗaki uku da falo, sun shekara goma sha biyu a ciki. Kicin zai iya cin kwali 15: shida na faranti da tangaran, uku manya na kuloli, biyu na kofuna, biyu na kayan miya da robobin kuka da kuɓewa da daddawa da yaji, biyu na bilanda da ketil da makamantansu. Kabet ɗin ado na falo 5. Litattafan malam 12. Yara kowa ɗaya na takardu da kayan wasa, 5 ke nan. Ɗakin uwargida 5, tsakanin turare da kayan shafa da jakunkuna da takalman fita. Na maigida 3, ɗaya daga ciki na huluna kaɗai, don hular da ta sha guga ba ta son matsi. Banɗaki da sito 4. Jimla 49.

A kan wannan a ƙara kashi ɗaya cikin biyar, wato goma, a nemi kwali 60 a dunƙule. Wannan ƙari ba almubazzaranci ba ne. Wasu kwalayen za su yage, wasu a tarar ba su da kirki, kuma a daren ƙarshe abubuwa ke fitowa daga inda ba a san da su ba: agogon bango, da wayoyin caja, da fitilu, da kwanukan maƙwabta da ba a mayar ba. Jaka kuma a irin wannan gida za a nemi wajen 16: biyar na uwargida, uku na maigida, biyar na yara, uku na zannuwan gado da labule da barguna.

Salatif ma yana da lissafi. Gindin kwali ana manna masa layi ɗaya a tsakiya da ɗaya a kowane gefe, saman kuma layi ɗaya. Matsakaicin kwali yana cin wajen mita biyu da rabi, kwali 60 ya ci mita 150. A sayi mai faɗi, a duba tsawon da aka rubuta a jikinsa, a ƙara naɗi biyu a kai. Cusa leɓunan gindin kwali cikin juna ba tare da salatif ba, yadda masu shago ke yi, ba ya riƙe tangaran.

Daga kwali zuwa mota

Yanzu ne za a iya maganar mota. Masu katako da masu yashi suna awo da kubik, wato gurbin da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk mita ɗai-ɗai ne. Kwali mai tsawon santimita 45, faɗi 35, tsayi 35, guda 18 ne ke cika kubik ɗaya. Kwali 60 sun haura kubik uku ke nan. Manyan jakunkuna 16 za su ci wajen kubik biyu. Bayan a-kori-kura, ko an yi lodi ya kai mita ɗaya a sama, bai fi kubik uku da rabi ba. Ashe sawu biyun nan da maigida ya ambata tun farko kusan duk kwali da jaka ne za su cinye su, ba a taɓa gado ko kujera ko firji ba.

Mota ƙirar Canter, mai bayan da ya kai mita huɗu a tsawo da kusan biyu a faɗi, tana ɗaukar abin da a-kori-kura za ta yi sawu huɗu a kai. Idan cikin gari ne, daga Kurna zuwa Hotoro, sawu da yawa ba matsala ba ne, sai dai lokaci. Idan kuwa daga Kano zuwa Kaduna ne, fiye da kilomita 200, ko zuwa Abuja, fiye da 400, kuskuren sawu ɗaya kuɗin wata motar ne cur. A nan ne mutane ke rabar da kujeru ga maƙwabta a ƙofar gida ba don sun yi niyya ba. Gara a kira direban ya zo ya ga kaya da idonsa bayan an haɗa rabi, a yi ciniki a kan abin da ya gani.

A duba hanyar ƙofa ma. A cikin birnin Kano ko Zariya ko Katsina akwai lungunan da mota ba ta shiga, sai baro ko kura su yi ta jigila zuwa bakin titi. Irin wannan wuri ƙananan kwalaye yake so, masu jeruwa a baro. Haka sabon gida in bene ne. Sif ɗin da kafinta ya haɗa a cikin ɗaki kuwa, a kira kafinta ya kwance shi tun ana gobe.

Lokacin shekara yana da tasa magana. Daga Yuni zuwa Satumba, musamman Agusta, kada a yi ciniki da motar da ba ta da tamfol, kuma kada a jera kwali a tsakar gida a kwana. Ko a ɗaki ne a ɗora su a kan katako ko tabarma, kada su taɓa siminti mai laima, ga kuma gara. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, sai a rufe katifu da kujeru da leda.

Ga mai doguwar tafiya, akwai abin da ba a cika tunawa ba. Mota cike da kwalaye a manne masu tambarin taliya ko magani, a idon jami'in da ke shinge kayan kasuwa ce. A riƙe littafin lissafin a gaban mota, da rasiɗin janareto da firji da talabijin in suna nan, a kuma sa mutum ɗaya na gida ya bi motar. Mai ƙetara iyaka zuwa Maraɗi ko Damagaram ya fi kowa buƙatar wannan.

Jerin kwanaki

Mako huɗu kafin tashi a yi zagayen ƙirga, a kuma fitar da abin da ba za a tafi da shi ba. Abin bayarwa a bayar, na 'yan gwangwan a sayar musu, na aro a mayar wa masu shi. Mako uku kafin lokaci kwalaye su iso, a fara da abin da ba a taɓawa kullum: tangaran na ado, litattafai, kayan sanyi in da zafi ake. Kwali huɗu ko biyar a rana aiki ne da mace mai yara za ta iya ba tare da girki ya tsaya ba, kuma a haka kwali 60 mako biyu ne. Kicin shi ne ƙarshe, a bar tukunya biyu da faranti daidai bakin mutanen gida.

Kowane kwali a rubuta masa lamba, da ɗakin da za shi, da sunan mai shi, a gefe biyu ba a sama kaɗai ba, don sama rufewa yake idan an jera. Abin da ke ciki kuwa a littafi za a rubuta shi a gaban lambar. Ba dabara ba ce a rubuta “leshi da sarƙoƙi” ɓaro-ɓaro a jikin kwalin da zai bi ta hannun mutum goma. 'Yan'uwa da ƙawayen da za su zo taya haɗa kaya alheri ne, amma a sa mutum ɗaya ya riƙe makar rubutu da littafi, kada a manne kwali sai ya gani. Kwalin Alƙur'ani da litattafan addini a yi masa alama ta musamman, a gaya wa 'yan lodi shi ne a sama, ba a taka shi, ba a zama a kansa.

Akwai abubuwan da ba sa shiga kwali ko kaɗan. Takardun gida da na fili, da shaidar karatu, da takardun haihuwa, da katin rigakafin yara, da fasfo, da gwal, da kuɗi, da maganin mai hawan jini ko ciwon suga, duk a jaka ɗaya a hannun mai su. Tukunyar gas a rufe ta a tsayar da ita a buɗaɗɗen bayan mota. Janareto a tsiyaye masa fetur, risho a juye kananzirinsa. Galan ɗin manja da man gyaɗa a sa leda a bakinsa kafin a murɗa murfi, a tsayar da shi a cikin bokiti, haka kwalaben humra. Firji a kashe shi tun ana gobe, ya tafi a tsaye, in an isa a bar shi wasu sa'o'i kafin a kunna.

A ware jaka ɗaya ta daren farko, ita ce ƙarshen shiga mota kuma farkon fita: buta, da dardumar salla, da tocila, da gidan sauro, da ashana, da kayan shayi, da sabulu, da kayan makarantar yara na washegari.

Da yake a gidaje da yawa maza baƙi ba sa shiga ɗakunan mata, samarin gida su fito da kwalaye tsakar gida ko zaure tun da asuba, a jera su bisa ɗaki, sai 'yan dako su ɗauka daga nan. Masu nauyi su fara shiga, a jingine su da kan mota, masu fashewa a sama a kewaye su da katifu. Mutum ɗaya ya tsaya a ƙofa da littafi yana yi wa kowace lamba maki tana fita, wani ya yi haka a sabon gida tana shiga. In 60 suka fita, 60 za a gani. Kada a biya direba cikon kuɗinsa, kada kuma a sallami 'yan dako, sai lambar ƙarshe ta shigo an ga inda aka ajiye ta.